AIKIN HUJI KO AIKIN TSAGA? MAGANA A KAN SANKARAR BAKIN MAHAIFA

Muna roƙo ku saurare mu a kan wata magana wadda ba a saba kawo ta zaure ba, watau ciwon nan na mata da ake kira sankarar bakin mahaifa, waɗansu kuwa su ce ciwon daji, ko kansa. Mun sani magana ce mai nauyi a baki, amma kunya ba ta warkar da ciwo. Abin da ya sa muka ɗauko ta shi ne, a cikin jama'armu in likita ya ce za a yi wa mace aiki, ba ta kan yanke shawara ita kaɗai ba. Sai an kira mai gida, an kira wa ko kawu, wani lokaci har a buga waya Kumasi ko Nima ko Kano. To, wanda za a nemi shawararsa lalle ne ya san abin da ake ciki, don kada ya ba da shawarar da za ta zama abin da-na-sani.

HANYOYI BIYU NA AIKI

In an gano ciwon nan da wuri, tun bai fita daga bakin mahaifa ba, maganin da aka fi yi shi ne aiki. A kan cire mahaifa duka, da naman da ke riƙe da ita ta gefe da gefe, da ɗan sashe na saman farji, da kaluluwar da ke cikin ƙugu, domin ta nan ciwon ya kan fara bi in zai yaɗu. Wani likita a birnin Biyana, Ernst Wertheim, shi ya kafa wannan aiki a 1898, kuma Joe Vincent Meigs na Boston ya ƙara gyara shi wajen 1940 da 'yan kai. Yadda suka koyar shi ne a tsaga ciki, likita ya gani da idonsa, ya taɓa da hannunsa. Wannan shi muke kira aikin tsaga.

Daga farkon shekarun 1990 sai wata sabuwar dabara ta shigo. Maimakon a tsaga, sai a huda ciki wuri 4 ko 5, kowane huji bai wuce faɗin ɗan yatsa ba. A hura iska cikin ya kumbura, a zura kyamara ta huji ɗaya, a zura almakashi da hantsaki masu dogon hannu ta sauran, likita yana aiki yana kallon allo. Wannan shi ne aikin huji. Daga baya kuma aka kawo wani inji mai hannuwa, sunansa da Vinci, wanda likita ke zaune gefe yana sarrafa shi. Hukumar Abinci da Magunguna ta Amurka, wadda ake kira FDA, ta yarda da injin nan a 2000, ta kuma yarda a yi aikin mata da shi a 2005.

Ba abin mamaki ba ne da aikin huji ya sami kasuwa. Jini kaɗan ke zuba, tabo ƙanƙane ne, mace kuma ta kan koma gida da wuri. Duk wadda ke da kanti, ko take aikin awa-awa wanda in ba ka je ba ba a biya ka ba, ko take da yara ƙanana ba mai taya ta, in aka ajiye mata hanyoyin nan biyu ai ba sai an tambaye ta ba. Likitoci su ma sun ɗauka duka biyu daidai suke wajen kawar da ciwon. Haka aka yi ta tafiya shekara da shekaru.

YADDA AKA AUNA

Amma zato dabam, awo dabam. Kowane ɗan kasuwa ya san in mutum biyu suna gardama a kan buhu biyu, wanne ya fi nauyi, ba a raba su da rantsuwa, sai a ɗora kan sikeli ɗaya. Haka waɗansu likitoci suka yi. Shugabansu shi ne Dokta Pedro Ramirez, wanda a lokacin yake asibitin sankara na MD Anderson a Houston, jihar Texas, tare da Dokta Andreas Obermair na Ostiraliya. Suka sa wa gwajin suna LACC, suka fara a 2008, asibitoci 33 na ƙasashe dabam-dabam suka shiga.

Ga yadda suka yi. Duk macen da aka gano ciwonta yana matakin farko, bai wuce santimita 4 ba, watau kamar girman goro, in ta yarda ta shiga, sai a jefa ƙuri'a: ko aikin huji ko aikin tsaga. Amfanin ƙuri'a shi ne kada likita ya zaɓi masu sauƙin ciwo ya tura su gefe guda, awo ya karkace. Niyyarsu su tara mata 740. Abin da suke tsammani kuwa shi ne awo zai nuna hanyoyin biyu kunnen doki ne.

Ashe ba haka ba ne. A 2017, an kai mata 631, sai kwamitin da aka naɗa don ya riƙa duba lafiyar waɗanda ke cikin gwajin ya ga mutuwa ta fi yawa a gefe guda, aka tsayar da ɗaukar sababbi. Aka buga sakamako a ƙarshen watan Oktoba na 1918 da shekara 100 a kai, watau 2018, cikin mujallar likitoci mai suna New England Journal of Medicine. Ga lissafin, ku dube shi da idon ciniki:

Mata 319 ƙuri'a ta ba su aikin huji. Ciwon ya dawo wa 27. Waɗanda suka rasu 19.

Mata 312 ƙuri'a ta ba su aikin tsaga. Ciwon ya dawo wa 7. Waɗanda suka rasu 3.

Da aka ƙiyasta zuwa shekara 4 da rabi bayan aiki, cikin kowace mata 100 na aikin huji, 86 ne suke raye ba tare da ciwon ya dawo ba. Na aikin tsaga kuwa 96 da rabi. Watau bambancin ya kai mace 10 cikin kowane 100. Ba a tsaya nan ba, aka ci gaba da bin matan nan har kowa ta cika wa'adi, aka buga lissafin ƙarshe a 2024, ya fito 85 da 96. Magana ba ta sake ba.

To, ina ribar da ake faɗi? An same ta, amma 'yar kaɗan ce. Yawancin masu aikin huji sun kwana 3 a asibiti, masu aikin tsaga kwana 5. Da aka duba matsalolin da kan biyo bayan aiki, aka kuma tambayi matan yadda suke ji a jikinsu bayan mako 6 da bayan wata 3, ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba. Jama'a, ku auna: kwana 2 a gefe guda, mace 10 cikin 100 a ɗaya gefen. Wane ɗan kasuwa ne zai sayar da jarinsa don ribar kwana biyu?

SHAIDA TA BIYU DAGA MAƘWABTANMU

Shaida ɗaya ba ta isa a yanke hukunci ba, amma a ranar nan da mujallar nan aka buga ta biyu. Dokta Alexander Melamed da abokan aikinsa suka bi littattafan asibitocin Amurka, suka tsamo mata 2,461 da aka yi wa aikin nan daga 2010 zuwa 2013. Kusan rabinsu aikin huji aka yi musu, kuma galibin waɗannan da inji aka yi. Cikin shekara 4, kashi 9.1 cikin 100 na masu aikin huji sun rasu, na masu aikin tsaga kuwa kashi 5.3.

Sa'an nan suka duba rajistar masu sankara wadda Cibiyar Binciken Sankara ta Ƙasa ke riƙe da ita. Cibiyar nan a Bethesda take, a gundumar Montgomery, inda da yawa daga cikinmu ke wucewa kullum a hanyar aiki. Rajistar ta nuna kafin 2006 yawan matan da ke tsira bayan aikin nan bai ragu ba. Daga 2006, lokacin da aikin huji ya fara yaɗuwa, sai ya shiga raguwa, kusan kashi 0.8 cikin 100 kowace shekara.

Da labari ya bazu, asibitin MD Anderson ya daina yin aikin huji don wannan ciwo, asibitin Johns Hopkins na Baltimore shi ma ya dakatar. Ran 28 ga Fabrairu 2019 hukumar FDA, wadda babban ofishinta ke Silver Spring, ta fitar da gargaɗi ga likitoci da marasa lafiya a kan yin aikin sankarar mata da inji. Ƙungiyoyin likitocin sankara na Amurka da na Turai suka sake ƙa'idodinsu, suka ce aikin tsaga shi ne hanyar da za a bi in za a yi babban aikin nan.

Duk da haka ba kowa ya sauya nan da nan ba. Wata ƙidaya da aka buga a 2021 ta nuna yin aikin huji don ciwon nan a Amurka ya sauka daga kashi 58 cikin 100 zuwa 43 bayan fitowar sakamako. Ya sauka, amma bai ɓace ba. Shi ya sa tambaya ta zama wajibi.

ME KE JAWO HAKA?

Likitoci suna zargin abu uku. Na farko, a aikin huji a kan zura wani ƙarfe ta ƙasa cikin mahaifa don a riƙa juya ta yadda kyamara za ta gani, ƙarfen nan kuwa ta kan ciwon yake bi, yana iya murje shi. Na biyu, a kan yanke farji daga cikin ciki, sai bakin mahaifa mai ciwon ya buɗe ga sauran kayan ciki. Na uku, iskar da aka hura tana zagayawa, tana iya kwasar ƙwayoyin ciwon ta kai su wani wuri. Ku ɗauki misalin buhun gero mai huda: in ka ɗauke shi cak ka fita da shi, ɗaki ya tsira, in ka ja shi a ƙasa kana jujjuyawa ga iska tana kaɗawa, sai damina ta zo ka ga tsiro a inda ba ka shuka ba.

Wani bincike na asibitocin Turai mai suna SUCCOR, wanda Dokta Luis Chiva na ƙasar Sifen ya shugabanta aka buga a 2020, ya ƙarfafa zargin nan. Ya nuna dawowar ciwo ta fi yawa inda aka yi amfani da ƙarfen juya mahaifa, ta kuma ragu inda aka ɗinke farji aka rufe ciwon kafin a yanke. Saboda haka aka buɗe sababbin gwaje-gwaje na ƙuri'a, RACC a ƙasar Suwidin da ROCC a nan Amurka, don a auna aikin inji da na tsaga kuma. Mace tana iya jin likita ya yi mata tayin shiga irin wannan gwaji. Ba laifi ba ne, amma sai an bayyana mata sarai cewa gwaji ne, kuma tana da ikon ta ce a'a.

KADA A YI KUƊIN GORO

Muna jan kunnen masu karatu, kada wani ya tashi daga nan ya ce duk aikin huji mugu ne. Ba haka muka ce ba. Aikin huji ya amfani mutane ba iyaka wajen cire matsarmama da sauran ayyukan ciki. Ko a sankarar da ke kama cikin mahaifa, wadda ciwo ne dabam da na bakin mahaifa, an yi gwajin ƙuri'a aka ga aikin huji bai kasa ba. Maganarmu a kan abu ɗaya take: babban aikin cire mahaifa saboda sankarar bakinta.

Haka kuma ba kowace mai ciwon ke bukatar babban aikin ba. Wani gwaji mai suna SHAPE, wanda Dokta Marie Plante ta Kanada ta shugabanta da mata 700, aka buga a 2024, ya nuna in ciwon bai wuce santimita 2 ba, bai kuma nutsa da zurfi ba, cire mahaifa kawai ba tare da naman gefe ba ya wadatar, kuma matsalar fitsari ta fi sauƙi. Wadda ciwonta ya girma ko ya fita daga bakin mahaifa kuwa, galibi ba aiki ake yi mata ba, gashi ake yi da haɗin maganin ƙarin ruwa. Mace ƙarama wadda ke son haihuwa, in ciwon ƙanƙane ne ƙwarai, akwai aikin da ake cire bakin mahaifa a bar mahaifar. Kowane ciwo da ma'auninsa.

TAMBAYOYIN DA ZA A TAFI DA SU

Matambayi ba ya ɓata. Ga tambayoyi, a rubuta su a takarda, da boko ko da ajami, a shiga da su ɗakin likita:

Ciwon yana mataki na nawa, kuma santimita nawa ne girmansa?

Wane aiki za a yi, babba ko ƙarami? Tsagawa za a yi, ko huji, ko da inji?

In huji ne, mene ne dalili, alhali ga abin da gwajin LACC ya nuna? Za a sa ƙarfen juya mahaifa?

Shi mai aikin, gwanin sankarar mata ne, ko likitan haihuwa ne kawai? Sau nawa yake yin irin aikin nan a shekara?

Neman ra'ayin likita na biyu ba cin fuska ba ne a ƙasar nan, al'ada ce. Muna da manyan cibiyoyin sankara kusa da mu: Lombardi ta Jami'ar Georgetown a cikin Washinton, da Sidney Kimmel ta Johns Hopkins da Greenebaum ta Jami'ar Merilan, duka biyu a Baltimore, da Inova Schar a Fairfax. Wadda Turancinta bai kai ba, tana da hakkin a kawo mata tafinta kyauta a asibitin da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. A nemi tafinta, kada a sa ɗa ya fassara wa uwarsa irin wannan magana, don kunya za ta sa shi ya rage, ita ma ta ɓoye. Wadda ta fi son likita mace ta faɗa tun wajen ɗaukar rana. Kuma masu gida su sani, a dokar ƙasar nan ita mai jikin ce ke sa hannu. Namu shi ne mu raka ta, mu saurara, mu taya ta tunani.

Masu tura 'yan'uwa magani Akara ko Abuja ko Indiya ko Masar, ko masu aika kuɗin aiki gida, su ma su yi tambayoyin nan. Sau da yawa a kan tallata aikin huji da cewa shi ne na zamani, har kuɗinsa ya fi. A wannan ciwo dai, sabo bai fi tsoho ba.

WADDA AN RIGA AN YI MATA

Akwai 'yan'uwanmu da aka yi wa aikin huji a shekarun baya. Kada hankalinsu ya tashi. Ku sake duba lissafin: 85 ko 86 cikin 100 ciwon bai dawo musu ba. Kuma in zai dawo, galibi cikin shekara 2 ko 3 na farko yake dawowa. Wadda ta haye shekara 5 lafiya, mafi yawan haɗarin ya wuce ta. Abin da ake so shi ne kada a yanke zuwa dubawa: duk wata 3 zuwa 6 a shekara 2 na farko, sa'an nan duk wata 6 zuwa 12 har a cika shekara 5. Mai niyyar tafiya gida ta daɗe, ko tafiyar sarin kaya, ta shirya ranar dubawa kafin ta sayi tikiti.

Alamun da ba a jira da su kuwa su ne: ganin jini ko wani ruwa mai wari, ciwon mara ko ƙugu ko baya wanda ya ƙi tafiya, kumburin ƙafa ɗaya, wahalar fitsari ko bayan gida, tari mai naci, da rama ba dalili. In an ga ɗaya daga ciki, a buga wa likita waya a makon, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

Mafi alheri duka shi ne kada a kai ga wuƙa. Kusan duk sankarar bakin mahaifa wata ƙwayar cuta ce ke kawo ta, sunanta HPV, wadda ake ɗauka ta wajen saduwa. Ƙwaya ce mai yawa a cikin mutane, mace mai aure ɗaya tak tana iya samunta, kuma ta kan kwanta shekaru kafin ta yi ɓarna. Don haka ciwon nan ba shaidar lalata ba ne, kada a ɗora wa mai jinya zargi a kan ciwo. Wani Bajamushe, Harald zur Hausen, shi ya gano dangantakar nan, aka ba shi kyautar Nobel a 2008. Iri biyu, na 16 da na 18, su ke jawo wajen kashi 70 cikin 100.

Yankinmu yana da hannu a labarin nan. A asibitin Johns Hopkins aka yi jinyar Henrietta Lacks, baƙar mace 'yar asalin Bajiniya, wadda ciwon nan ya kashe a 1951 tana da shekara 31. Ƙwayoyin da aka ɗiba daga ciwonta ba da saninta ba har yau ana bincike da su. A Bethesda kuma Douglas Lowy da John Schiller suka yi aikin da ya zama ɗaya daga cikin ginshiƙan allurar rigakafin HPV, wadda FDA ta yarda da ita a 2006. A kan yi wa yara mata da maza suna shekara 11 ko 12, ana iya farawa daga 9. Iyayen da ke Washinton da Bajiniya su kan ga takardarta daga makarantar boko. A karanta, a tambayi likitan yara. Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a watan Oktoba na 2023.

Manya kuwa gwaji ne nasu. Daga shekara 21 zuwa 29, gwajin Pap duk shekara 3. Daga 30 zuwa 65, gwajin HPV duk shekara 5, ko na Pap duk shekara 3. Tun 2024 FDA ta yarda mace ta ɗebi abin gwajin HPV da hannunta a cikin asibiti, wannan ya rage uzurin kunya. Wadda ba ta da inshora ta tambayi shirin Project WISH a Washinton, ko Every Woman's Life a Bajiniya, ko ofishin lafiya na gundumarta a Merilan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 ciwon nan ya kama mata wajen 660,000, ya kashe wajen 350,000, mafi yawansu a ƙasashe irin waɗanda muka fito, inda ba a gano shi sai ya yi nisa.

Muna roƙon dattawa su ba da izini a kawo maganar nan a taron wata, Hajiyoyi kuma su kai ta wajen suna da biki da adashi, inda namiji ba zai iya kai ta ba. Mai gida ya tambayi iyalinsa yaushe rabonta da gwaji, in rana ta zo ya tsare mata kanti ko ya riƙe yara. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya tsare masu lafiya, ya bar mu tare. Haza wasalam.